Tsohuwar da Ba Ta Taɓa Mallakar Gida a Naraguta Ba

Da ƙarfe tara na safiyar wata Litinin na fara aiki a shagon Oga Emeka da ke kusa da Tina Junction a Jos. Mu uku ne a ciki a lokacin: ni, da shi Ogan, da wata mai sayar da atamfa da leshi a shagon da ke jikin namu, wadda kowa ke kira Mama Obinna. Ni ɗan Anguwan Rogo ne. Mahaifina tela ne, ni kuma na gama sakandare ban ci gaba ba. A lokacin ban taɓa ɗaukar kayan kowa ba. Abin da aka san ni da shi a gida shi ne tsari. Ba na iya barci in takalmana ba a jere suke ba.

Aikin shagon shi ne buga takardu da katin biki da kalanda. Oga ya ƙara da kula wa 'yan kasuwa da shafukansu na intanet, domin yawancinsu ba su da lokaci. A safiyar nan Mama Obinna ƙorafi ta kawo. Wanda ya riƙe aikin kafin ni ya ɗora hoton tayar mota a shafinta na atamfa, har kwastomominta suna tambayar ta ko ta canza sana'a. Oga ya ba ta haƙuri, sannan ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya nuna mini maganin abin.

Ya buɗe burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, ya nuna mini yadda ake raba ta zuwa furofayil daban-daban. Ya ce in ɗauke ta kamar gidan haya mai ɗakuna. Kowane ɗan kasuwa da ɗakinsa. Asusunsa, da kalmar sirrinsa, da saƙonninsa duk suna ciki, kuma na wannan ɗaki ba ya ganin na wancan. In za ka yi wa mai taya aiki, ka shiga ɗakin mai taya. In ka gama ka fito, sannan ka shiga na mai atamfa. Abin ya dace da halina ƙwarai. Na sa wa kowane furofayil launinsa da hoton mai shi, don in riƙa gane su da kallo ɗaya. Tun daga ranar ban taɓa haɗa kayan wani da na wani ba. Mama Obinna ta riƙa kawo mini dafaffiyar masara, tana gaya wa maƙwabta cewa Oga ya samu mai hankali.

Ina so mai karatu ya lura cewa wannan dabara ba laifi ba ce. Har yau da ita nake cin abinci. Laifin nawa ne, kuma a jere ya zo.

Na farko, na buɗe wa mahaifina shafi don a ga ɗinkinsa. Aka daɗe babu wanda ya ce uffan a ƙarƙashin hotunan. Sai na ƙirƙiri wani furofayil da sunan wata Hajiya da babu ita a duniya, na shiga na yabi ɗinkin, na ce ya yi mini kayan sallah ba tare da saɓa alkawari ba. Mutane suka fara kira. Na gaya wa kaina ai ba ƙarya na yi ba, tunda Baba ya iya ɗinki. Baba kuwa bai san komai ba, yana ta cewa Allah Ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri.

Na biyu, na fara yi wa wasu irin wannan yabon suna ba ni na goro, ko na san kayansu ko ban sani ba. Daga nan na gane cewa mutum ɗaya zai iya zama mutum biyar a kan kujera ɗaya, muddin bai rikice ba. Ni kuwa ba na rikicewa.

Na uku shi ne ya kai ni gidan yari. Lokacin da jami'a ke ɗaukar sababbin ɗalibai, shagonmu kan cika da masu buga takardu, kuma hirarsu ɗaya ce, wahalar ɗaki a wajen Naraguta. Na ji yadda iyaye daga nesa ke tura kuɗin kamun ɗaki tun kafin su gan shi, don kada wani ya riga su. Sai na gina mutum uku. Akwai dillali mai ɗora hotunan ɗakuna. Akwai ɗalibar da ke shaida cewa ta zauna a gidan, ruwa ba ya yankewa. Akwai kuma mai gidan, dattijuwa mai tsoron Allah wadda ba ta son hayaniya. Dillalin da ɗalibar ban sha wahala da su ba. Mai gidan ce take buƙatar fuskar da uba zai gani hankalinsa ya kwanta.

Kafin wannan da 'yan watanni mahaifiyar Mama Obinna ta rasu a garinsu can kudu. Ta kawo hotonta muka buga a takardar jana'iza da riguna. Tsohuwa ce mai farin ɗankwali da wushirya, tana murmushi kamar za ta ce ka zauna ka ci abinci. Hoton yana nan a kwamfutar. Na ɗauka, na sa mata wani suna, na mayar da ita mai gida a Naraguta.

Na yi wannan aiki na tsawon lokaci ba tare da tuntuɓe ba. Da safe in gama na 'yan kasuwa tsaf. In Oga ya fita sayo takarda, in shiga ɗakin dillali in amsa tambayoyi, in fito, in shiga na tsohuwa in rubuta wa uba cewa zan riƙe masa 'yarsa kamar tawa. In kuɗi ya shigo in toshe lambar uban. Ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, saboda haka ban ji komai ba. Mama Obinna tana ci gaba da kawo mini masara, ina ci.

Ranar da asirina ya tonu, da rana ne tsaka. Tana zaune kusa da ni muna zaɓen hotunan sababbin atamfofi, sai wuta ta ɗauke. Oga ya fita ya tayar da janareta. Da na kunna kwamfutar na buɗe burauza, sai ta fara kawo shafin da ke jera dukkan furofayil don mutum ya zaɓa. Ga su nan a layi, kowa da launinsa da hotonsa, yadda na tsara da hannuna. Mai taya, mai magani, Mama Obinna, Baba, Hajiyar ƙarya, dillali, ɗaliba. A ƙarshen layi ga farin ɗankwali.

Na kai hannu zan wuce da sauri, ta riƙe mini wuyan hannu.

"Me mamana take yi a nan?"

Na ce tun lokacin jana'iza ne, na manta ban goge ba. Ta matso da fuskarta ta karanta sunan da ke ƙarƙashin hoton. Ta ce mahaifiyarta ba ta taɓa amsa wannan suna ba. Ba ta ɗaga murya ba.

"Danna," ta ce.

Na danna. Abin da ya fara bayyana saƙon wani mutum ne. Ya rubuta cewa ga shi a Naraguta tun safe da 'yarsa da katifa a bayan keke mai ƙafa uku, sun zagaya layin sau da yawa, babu wanda ya san gidan. Ya ƙare da cewa, Mama, don girman Allah ki ɗauki waya.

Ta karanta har ƙarshe, ta tashi ta kira Oga. Oga ya karanta, ya rufe ƙofar shago, ya kira 'yan sanda. Ban yi yunƙurin gudu ba. Masu bincike ba su sha wahala da ni ba, domin komai yana ɗakinsa a adane, kowane saƙo da ranarsa. Ɗaya daga cikinsu ya ce bai taɓa ganin ɓarawon da ya shirya musu aiki haka ba. A kotu na amsa laifina. Baba ya zauna a benci na baya da hularsa a hannu, kuma a nan ya fara jin cewa Hajiyar da ya daɗe yana yi wa addu'a ni ne.

Ba zan tsawaita labarin gidan yari ba. Akwai yunwa, akwai cunkoso, akwai sanyin Jos a kan siminti. Amma a can na samu abin da ban da shi a waje, wato suna ɗaya. In an kira shi ni kaɗai ke amsawa. Na koma karatun Alƙur'ani wurin wani dattijo da muke ɗaki ɗaya, na roƙi Allah gafara, na yi niyyar neman ta mutane in na fito.

Da aka sake ni Baba ya ba ni lungu a shagonsa. Yanzu ina kula da shafukan teloli da masu takalma na unguwarmu da wata tsohuwar kwamfuta. Kowa da furofayil ɗinsa kamar da. Bambancin shi ne fuskar kwamfutar tana kallon ƙofa, kuma ba na buɗe wa kowa furofayil sai yana tsaye a kaina. Abin da nake samu kaɗan ne, yana kuma isata. Na yi aure, muna da 'ya ɗaya. Ina cin tuwona da daɗi, in na ji an yi sallama gabana ba ya faɗuwa. Alhamdu lillahi.

Na daɗe kafin in iya zuwa Tina Junction. Da na je na samu Mama Obinna tana auna wa wata yadi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ashe ba a ba da doya a can, dubi yadda na koma kamar sandar rake. Ta sa aka ba ni kujera. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ce ita ta yafe tun tuni, domin ba za ta ɗauki nauyina ta shiga coci da shi kowace Lahadi ba. Sannan ta ciro wayarta ta miƙo mini.

Hoton ne. Waɗanda na cuta sun yaɗa shi tun a wancan lokaci don su gargaɗi wasu, sun rubuta "ɓarauniya" da jan rubutu a kan farin ɗankwalin. Ta ce duk shekara in an fara ɗaukar ɗalibai sai ya sake tasowa. Har garinsu ya kai, jikokin marigayiyar sun gani.

"Ita ba ta nan da za ta ce ba ita ba ce," in ji ta. "Kai za ka faɗa."

Shi nake yi tun daga ranar. Kafin in taɓa aikin kowa da safe, ina neman inda hoton ya bayyana, in rubuta da sunana na gaskiya cewa matar nan ba ta da laifi, ni ne na yi. Wasu su goge. Wasu su zage ni, kuma suna da gaskiya. Furofayil ɗin tsohuwar an daɗe da rufe shi, amma hoton ya fi ƙarfin hannuna.

Ku matasa, ku koyi wannan aiki, yana da amfani. Ku raba asusun aiki da na gida, ku raba na wannan kwastoma da na wancan. Amma kada ku buɗe ɗaki ga mutumin da babu shi, ko don yabon mahaifinku ne, kuma kada ku ɗauki fuskar kowa.

Ga roƙona. In ka taɓa ganin hoton wata tsohuwa mai farin ɗankwali da wushirya ana cewa ta cuci ɗalibai da gidan haya a Naraguta, ka sani ba ta taɓa mallakar gida a can ba, kuma ta rasu kafin a yi abin. In hoton yana cikin wayarka, ka goge shi yau. In ka tura wa wani, ka koma ka gaya masa ba ita ba ce.