Yajin Inna a Wayar Mutane

Har yau in na hango Mushen nan, tsohon malaminmu, a kasuwar Matameye sai in canza hanya. Ba na gaishe shi, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Muna koleji ya zo da tabilet da surutu kamar rediyo. Wai zai koya mana sana'a ta haɗin gwiwa da talla a waya. Ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya ɗauki bidiyon yadda ake yin hajarsa. Namu aka ba yaji, don kowa ya san yajin innata. Magidanta masu tafiya cin rani Kano da shi suke guzuri, da kuɗinsa kuma muke ci a gidanmu.

Na ce masa Inna ba ta haɗa yaji a gaban mutane, ko mu 'ya'yanta korarmu take. Ya yi dariya, ya ce irin wannan rowar ce ta hana ƙasarmu ci gaba. Ranar Asabar sai ga shi a zaurenmu da sauran 'yan rukunin.

Ya san abin da yake yi sarai. Wace uwa ce malamin 'yarta zai tako har gida ta ce masa a'a? Inna ta shimfiɗa tabarma, ta fito da turmi. Ta soya kimba, ta auna daddawa, ta zuba abin da ban taɓa sanin tana zubawa ba, shi kuwa yana ta cewa a matso da tabilet kusa da hannunta. Ina tsaye kamar in fashe.

Kafin damina ta sauka, bidiyon ya zaga wayoyin mata har Tsauni. Kowace ta daka wa mijinta nasa. Masu sallama a ƙofarmu suka ɗauke ƙafa.

Da ya dawo yi mana albishir wai rukuninmu ne ya zo na ɗaya, Inna ta ba shi ruwa, ta yi masa godiya har da addu'a. Wannan godiyar ta fi komai ƙona min rai. Bayan ya fita na tambaye ta don me ba ta zage shi ba.

Sai ta ce, "Sai da na haife ki kakarki ta nuna min. Ni ma ranar sunan ɗanki na fari nake jira. Yanzu me zan ba ki?"