Man da Na Shafa da Kujerar da Yaya Ta Rasa

Edita, ina roƙon a ba ni fili a wannan shafi, kuma a sakaya sunana. A shekarar da abin ya faru ina ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a Gure. Yarinya ce ni marar magana, wadda ko biki aka je da ita sai an same ta a lungu da littafi. Mahaifina ɗan Damagaram ne mai shago a kasuwa, kuma a unguwarmu an ɗauke ni mai sani, wadda ba ta faɗin abu sai ta karanta shi. Ban san wannan shaidar za ta iya cutar da wani ba.

Da hutu ya zo, aka sama mini gurbin koyon aiki a wani ƙaramin biro, ofishin da ake buga wa mutane takardu da odinata, wato kwamfuta. Wadda ta koya mini wata matar aure ce 'yar Kelle, ina ce mata Yaya. Ita ta nuna mini yadda zan jera yatsuna, kuma idan na ɓata takarda sai ta gyara ba tare da mai biron ya ji ba. Ta taɓa gaya mini cewa da ƙyar surukarta ta yarda ta fita aiki, kuma kujerarta ta biron ita ce abu guda da ta samu da karatunta. A lokacin tana da ƙaramin ciki.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, na soma shafa man ƙara haske. Wata ƙawata ce ta ba ni, bayan ta yi ta tsokanata cewa duk karatuna ba wanda zai gane ni a hoton aji. Nakan juye shi cikin kwalbar basilin don kada Inna ta gane. Da farko fuskata ta yi fayau. Daga baya ƙuraje suka feso, kumatuna suka yi ja suna zafi kamar an goga barkono, sannan baƙin tabo ya kwanta ƙarƙashin idanuna. Da Inna ta tsare ni, kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Sai na tuna na taɓa karanta cewa wasu ma'aikatan ofis suna kukan ƙaiƙayi da bushewar fuska idan sun daɗe gaban odinata. Na ce mata hasken gilashin ne ya ƙone ni. Na tsara bayanin tiryan-tiryan kamar ina amsa jarrabawa, kuma ta yarda.

Da maganar ta tsaya a ɗakinmu da sauƙi. Ranar wani suna a maƙwabta, mata suka yi ta tambayar abin da ya sami fuskata, Inna ta ce in yi musu bayani da kaina tunda ni ce mai karatu. Na maimaita, har da ƙari. Cikin masu saurare akwai surukar Yaya. Tsohuwar ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske, ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambayi matan cewa abin da ya yi wa fatar budurwa haka, me zai yi wa ɗan da ke ciki. A nan ya kamata in buɗe baki. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin gyalena.

Satin bai ƙare ba Yaya ta daina zuwa biro. Mijinta ya so ya tsaya mata, amma uwarsa ta ce ba da jikanta za a yi gwaji ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zuwan da Yaya ta yi gidanmu da ɗan kwano na man shanu. Ta shafa mini da hannunta, tana ba ni haƙuri wai ita ce ta riƙa barina gaban injin tun safe har la'asar. Ta yi dariya ta ce ita fatarta ta Kelle ce, rana ma ta gaji da ita, shi ya sa ta tsira. Na karɓi haƙurinta, Allah ya yafe mini.

Da fuskar ta ƙi warkewa, Baba ya kai ni wurin likita a Damagaram. Tambayar likitan ta farko ita ce me nake shafawa. Ya ce daɗewa gaban odinata kan gajiyar da ido, amma wannan ƙunar ya san ta, ta mai ce. A gaban Baba na amsa laifina. Muka hau mota muka koma Gure, da muka sauka Baba ya ce in je in gyara abin da na ɓata.

Na je na gaya wa Yaya komai. Ba ta zage ni ba, ta dai ce in faɗa wa surukarta da bakina. Na durƙusa gaban tsohuwar na faɗa. Ta ce ita ta ga fuskar da idonta, kuma ta san turo ni aka yi don a mayar da Yaya biro. Ƙaryata ta karɓu cikin zama ɗaya, gaskiyata kuwa ko ƙofa ba ta shiga ba. Mai biron ma ya riga ya ɗauki wata.

Yanzu ina jami'a, tabon ya kusa ɓacewa. Yaya tana gida tana ɗinkin huluna, kuma idan na je hutu tana tambayata ko har yanzu ina jera yatsuna yadda ta koya mini. 'Yan'uwana ɗalibai, ku guji man nan, kuma idan fatarku ta lalace ku faɗa wa likita abin da kuka shafa. Mafi girma, idan mutane sun yarda da ku don kun yi karatu, kada ku rufe kunyarku da shi. Ni fuskata ta warke, amma kujerar Yaya wata ce a kanta har yau.