Magajiyar Bariki a Bakin Teku

Shekarun baya, lokacin muna haya a wani ɗan ƙaramin gida a unguwar Glenwood da ke birnin Greensboro a Amurka, na ɗauko mahaifiyata daga Najeriya bayan rasuwar mahaifinmu. Baba soja ne, samanja, kuma dukkanmu a bariki aka haife mu. Mama kuwa ita ce Magajiyar barikin, wato shugabar matan sojoji. Duk ranar Asabar da sassafe sai ta bi layi-layi tana duba kwata da ƙofar ɗakuna, wadda ba ta yi shara ba ranar ta shiga uku. Mu 'ya'yanta mun fi kowa shan wuya, domin daga ɗakinmu take farawa. Ina yarinya babu ranar da na tsana kamar Asabar.

Wannan matar ce ta zo Greensboro ta yi shiru. Ta wuni bakin taga tana kallon ɗalibai suna wucewa a kan keke. Na je shagon kayan Afirka a titin Gate City Boulevard na samo kuka da daddawa, na tuƙa tuwo, ta ci loma kaɗan ta ce an gode. Ko gishirin ba ta kushe ba, ita da ba ta taɓa ɗanɗana miyata ba tare da gyara ba. Matan cocinmu suka zo gaisuwa, ta amsa musu sama-sama ta koma tagarta. Zani ya fara yi mata yawa. Gaskiya tsoro ya kama ni, ina ganin na raba ta da ƙasarta ne kawai don ta zo ta bi Baba a hannuna.

Maigidana ne ya ce mu kai ta ta ga teku, ko iska za ta yi mata amfani. Muka yi tafiyar awanni, ni ina ta zuba kamar rediyo, ita tana kallon hanya. Da muka isa na nuna mata ruwan da alfahari, sai ka ce ni na haƙa shi. Ta duba ta ce, "Ruwa ne, na gani."

Rana ta yi zafi, sai muka nemi inuwa a wani tsohon sansanin soja da ke nan bakin ruwan, wanda gwamnati ta mayar wurin shaƙatawa. Ginin jan bulo ne mai kusurwa biyar, an zagaye shi da rami, ga igwa a jere a saman ganuwa suna fuskantar teku. Wata dattijuwar ma'aikaciya cikin kaki tana zagayawa da baƙi, muka bi ayarin. Ta ce an gina shi ne don tsare mashigar ruwa daga jiragen abokan gaba, ya sauya hannu a yaƙin basasar Amurka, ya zama kurkuku, sannan aka watsar da shi ciyawa ta cinye kafin a gyara. Ina fassara wa Mama, rabi daidai rabi na cike da kaina. Ban ma tabbata tana ji ba.

Muka shiga ɗakin kwanan ƙananan sojoji, mai rufin baka, da gadajen katako da barguna a ninke. Sai na ga Mama ta saki hannuna. Ta je ta gyara kusurwar bargon da ido, domin an hana taɓawa, sannan ta goga yatsa a dakalin taga ta duba.

"Wa ke duba tsaftar ɗakin nan?" in ji ta.

Ni da maigidana muka kalli juna. Rabon da ta yi tambaya tun a filin jirgi.

Ta leƙa tanderun da ake gasa wa sojoji burodi, ta girgiza kai, sannan ta juyo gare ni. "Tambayar mini ita, matan fa? Ina suka zauna?"

Kunya ta kama ni, ga Turawa cike da ɗaki. Na ce, "Mama, wurin yaƙi ne fa, ba gidan aure ba."

"Ke, a bariki na haife ki. Inda duk aka ajiye soja akwai mai wanke masa kaki. Tambaye ta."

Na tambaya da ƙaramar murya. Ma'aikaciyar ta yi murmushi ta ce ba kasafai ake yi mata wannan tambayar ba. Ta ce ƙwarai akwai mata, yawancinsu matan ƙananan sojoji, su ke yi wa rundunar wanki. Amma ɗakunansu na katako ne a wajen ganuwa, kuma babu ko ɗaya da ya rage. Ta raka mu ƙofa ta nuna wani fili, yashi ne kawai da ciyawa.

Mama ta nufi wurin da saurin da na manta tana da shi. Ta tsaya ta daɗe tana dubawa.

"Haka aka yi da layinmu," ta ce. "Bayan babanku ya yi ritaya an rushe shi kaf. Amma igwar ƙofar bariki tana nan, duk shekara ana yi mata fenti."

Sai ta fara nuna wurare da hannu. Igiyar shanya ta nan za ta bi, tunda iska daga ruwa take tasowa. Murhu a can, don kada hayaƙi ya ɓata wanki. Yara kuma dole a hana su wancan ramin. Ta ce, "Babanku yana son kakinsa ya sha sitaci har ya tsaya da kansa. Ni kaɗai na iya yi masa." Nan ta yi kukan da ban ga ta yi ba tun zuwanta. Na rungume ta muka yi tare, masu ɗaukar hoto suna ratse mu.

A hanyar dawowa ni ce na yi shiru. Ta ba mu labarin bariki layi-layi, wadda ta iya kunu, wadda mijinta bai dawo daga daji ba, ranar da akuyar wani kofur ta shiga fareti. Muka tsaya shan mai, ta ce yunwa take ji.

Asabar ɗin da ta biyo baya ina barci na ji ana buga ƙofa.

"Tashi. Gidan nan kamar ba 'yar bariki ce a cikinsa ba. Ki gaya wa maigidanki ciyawar ƙofa ta yi tsawo."

Na riƙe tsintsiya ina shara ina share hawaye, ita tana biye da ni tana nuna inda na tsallake.

Na daɗe ina tunanin abin da ya faru ranar. Ni ina ta ƙoƙarin kula da ita, na ɗauke mata kowane aiki, ashe abin da ta rasa ke nan, wurin da ake bukatar idonta. Ta yi shekaru tare da mu tana mulkinta, har matan coci suka koma kiranta Magajiya, kafin ta koma gida, kuma can Ubangiji ya ɗauke ta.

Mukan je sansanin nan idan zafi ya shigo. Yaranmu su hau ganuwa wajen igwa, ni kuwa in fita in tsaya a filin yashin nan da babu komai. Ina kewarta sosai. Har yau idan Asabar ta yi nakan farka da sassafe in ɗan kasa kunne wajen ƙofa, sannan in tashi in ɗauki tsintsiya.