Bature Mai Jan Kunne Ya Ture Ni

Jiya na tarar ɗana Sadiku ya ɗauke hotona daga teburinsa, ya kafa tsohon katin wani ɗan wasan besbol da ya samo a nan garin Wheaton na Amurka. Wajen buga katin, jar kalar hular ɗan wasan, wani Bature, ta zame ta hau kunnensa.

Na ce, "Wannan ɓataccen ne ya ture ubanka?"

Ya ce, "Baba, kuskuren ne darajarsa."

Na ruga na ɗauko hotona na samartaka, wanda aka shafa wa kala da hannu a Kano. "To duba hancina, ai shi ma ya karkace."

Ya dubi hoton, ya dube ni. "Baba, wannan ba laifin mai hoto ba ne."

Har yanzu ina cikin durowa. Iyaye, ku wa ya ture ku?