Ƙusar Lemar Shanya

Maƙwabcina Merv Trethewey bai iya yi wa ƙaramin aiki ƙaramin shiri ba. Shekarar da ya yi ritaya daga tashar jiragen ruwa ta Port Pirie, ƙusar da ke riƙe da hannun lemar shanyar matarsa Glenys, wato ƙarfen nan mai siffar lema da ake shanya wanki a kai, ta karye. Glenys ta ce ya samo wata. Sai ga shi da tsohon injin feƙe ƙarfe a bayan a-kori-kura, wai namiji ba ya sayen abin da zai iya ƙerawa.

"Za mu gani," in ji Glenys. Wannan kalma ta tsaya masa a rai, ya rantse sai ta janye ta.

Ƙusar farko ta fito da kai mai kauri, gindi siriri. Ya auna, ya ja tsaki, ya wurga ta a bokiti. Injin ne a karkace, ya ce, sai an daidaita shi tukuna. Ya shiga yanka gwangwanin giya yana cusa ɓallin a ƙarƙashin ƙafafun injin, kuma ko wane gwangwani ya buɗe sai ya leƙo ta katanga ya ce mini, "Mutumina, ba don kaina nake sha ba, aiki ne." Ga shi rumfar da ya girke injin a kan laka take. Ya daidaita da rani, ruwa ya sauka, ƙasa ta kumbura, injin ya koma gidan jiya. Shekaru suka shuɗe, duk abin da injin nan ya ƙera na gyaran kansa ne. Ni dai har tausayi yake ba ni, don furfura ta gama cin gemunsa a kan ƙusa ɗaya.

Wata Asabar na ji ihu. Ya feƙe ƙusa, kai da gindi daidai, tana sheƙi. Ya kira ni shaida, ya kira Glenys, muka tsaya gaban lemar. Ya sunkuya zai zura, sai ya tarar ramin a cike. Ƙusarsa ta farko ce zaune daram, har ta yi tsatsa.

"Wa ya sa wannan karkatacciyar?"

"Ni," in ji Glenys. "Tun ranar na tsince ta a bokiti, na buga da dutse. Bakin ramin ya cinye ya yi faɗi, mai kaurin kai yake so. Taka sabuwar zamewa za ta yi."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba!"

"Haba tsoho, ai ba ɓoye ta na yi ba. Da ka taɓa zuwa shanya ko safa ɗaya, da ka gani."

Ta ɗora masa kwandon wanki a hannu, a kan ƙusar, ta koma ciki.