Tutar Yaya Salifu

Ku da kuka zauna a layinmu na Asawase kun san abin da ke fara tashi da safe a gidanmu. Kafin hayaƙin koko ya tashi, tutar Yaya Salifu ta tashi. Da ya dawo daga sallar asuba, bai ce wa kowa ina kwana ba, sai ya nufi dogon goran nan da ya kafa a bakin ƙofa, ya ja igiya a hankali har tuta ta kai ƙarshe, ya ƙame ya sara mata. Buta a hagu, dama a goshi. Mutumin da bai taɓa soja ba, bai taɓa ɗan sanda ba, duk rayuwarsa huhun goro ya ɗaure ya kwance!

Ni ƙanwarsa ce ciki ɗaya, ni na san mafarin abin. Ubanmu daga arewa ya zo da fataken goro, mu kuwa nan Kumasi aka binne cibiyarmu. Shekarar da gwamnati ta ce baƙi su fita, muna ji muna gani aka loda maƙwabtanmu a manyan motoci, wasu tukunyarsu na kan wuta. Mu ma an tsaya a ƙofarmu an tambaye mu daga ina muka zo. Allah ya sa muka tsira. Washegari Yaya ya sayo tutar ƙasar nan, ya ce duk wanda zai sake yi mana wannan tambaya ya ɗaga kai tukuna ya ga amsa.

To, son ƙasa akwai shi, amma maƙo ma akwai shi, kuma su biyun ɗaki ɗaya suke kwana. Yaya ba ya yarda abu ya ƙare. Sabulu ya koma kamar ɓawon albasa, ya ce da sauransa. Silifa ta ɓule har diddige na gaisawa da ƙasa, ya ce da sauranta. Balle tuta. Wannan ta ƙarshe da nake ba ku labari ta sha rana, ta sha ruwan Kumasi shekara da shekaru, har jan ya koɗe, ruwan ɗorawar ya yi fari, bakinta ya zama geza.

Wata damina iska ta tsinke baƙin tauraron da ke tsakiya, ya tafi abinsa. Matarsa Adiza ta ce, "Alhaji, Allah ya kawo ƙarshe. Sai sabuwa."

Ya ce, "Don mutum ya rasa haƙori sai a haƙa masa kabari?"

Ko wajen tela bai je ba. Ya ɗauko tsohuwar lemarsa, ya zauna da almakashi zai yanko tauraro. Ya yanka wannan tsini ya karkace, ya daidaita wancan ya gajarce, yana gyara yana gyara har tsinayen duk suka tafi. Abin da ya ɗinka a tsakiyar tuta ya fito zagaye kamar masa.

Na ce, "Yaya, wannan fa masa ce."

Ya ce, "Zuwaira, ba ki yi makaranta ba. Tauraro ne, ƙoshi ya yi."

Ni dai ban yi makaranta ba, gaskiya ne, amma masa na san ta.

Kada ku ce ba shi da ƙa'ida, yana da ita. Kowace shekara in bikin 'yancin kai ya matso, sai ya kira amininsa Malam Issaka ya tsayar da shi a ƙetaren kwata, ya ce ya faɗi abin da ya gani. Muddin Issaka ya faɗi launukan daidai, tuta ta ci wata shekara. Malam Issaka kuwa yanar ido ta rufe masa gani tun tuni, da sanda yake laluben hanyar masallaci, amma wa ya isa ya faɗa?

Wata shekara Adiza ta sauke tutar ta jiƙa a bokiti, Yaya bai lura ba yana can yana jawo alƙalinsa. Ya tsayar da shi, ya juya masa fuska wajen gora.

"Issaka, tsakaninka da Allah, me ka gani?"

Malam Issaka ya ɗaga kai, ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana nazari. "Ja a sama. Ruwan ɗorawa a tsakiya. Kore a ƙasa. Kai, Salifu, tauraron nan har ƙyalli yake!"

Adiza ta fito da bokiti ta dire a gabansu, tuta na iyo a cikin kumfa. Muka ce yau dai ya kamu. Yaya ya dubi bokiti, ya dubi gora tsirara, ya juyo gare mu.

"Kun ji ko? Ko ba ta nan ma ana ganinta. Ita ce za ku ce in canza?"

La ilaha illallahu! Muka haƙura.

Abin da ya gagare mu, baƙo ne ya zo ya yi shi. Wata hantsi muna zaune, sai ga wani dogon mutum da rawani da jaka a kafaɗa, mai albasa ne, zuwansa Kumasi na farko, ya ɓata hanyar masaukinsa. Ya tsaya a ƙofarmu ya ɗaga kai, fuskarsa ta washe. Ku tuna yadda tutar ta koma: sama ruwan goro, tsakiya fari, ƙasa kore, ga masar nan ita ma rana ta gasa ta ta yi jaja-jaja. Mutumin ya yi sallama da ƙarfi, ya kama hannun Yaya da hannu biyu.

"Alhamdu lillahi, na ga gida! Baba, ashe akwai namu a nan. Daga wane gari kuka zo a Nijar, Tawa ko Maraɗi?"

Adiza ta toshe baki da gyale. Ni ma dariyar ta taso mini, amma da na dubi fuskar Yaya sai ta koma. Tambayar nan ce dai, a ƙofar nan dai, kuma tutarsa ce ta jawo ta.

Bai yi faɗa ba. Ya sa aka kawo wa baƙo ruwa da koko da ƙosai, ya raka shi da kansa har gidan masu albasa. Da ya dawo ya kwance igiya da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Zuwaira, ɗauko mayafinki."

Muka hau trotro, motar hayarmu ta nan, muka shiga kasuwa. Wayyo mai tutoci! Yaya ya tofa yawu a yatsa ya murza ja ya ga ko zai zuba. Ya ɗaga ƙyallen a rana. Ya ƙirga tsinayen tauraro sau biyu. Mai kaya, wata Batoniya 'yar asalin garin, ta ce, "Ei, Alhaji, tuta za ka saya ko saniya?" Ya ce saniya ai shekara nawa za ta yi.

Da aka ɗaga sabuwar, aka kirawo Malam Issaka ya sa albarka. Ya tsaya a ƙetaren kwata ya duba ya duba, ya girgiza kai.

"Ba laifi. Amma tsohuwar ta fi haske."

Tsohuwar kuwa, Adiza ta so ta yi tsumman goge-goge da ita, ya ce sai dai bayan ransa, bayan ransa ma bai yarda ba. Ya wanke ta da hannunsa, ya ninke, ya sa a akwatin da rigar ubanmu take. Yana rufe akwatin ya ce mini, "Yagewa ba komai ba ce, ana ɗinkewa. Amma ranar da baƙo ya dubi tuta bai gane inda ya sauka ba, ku sauke ta, ko ina nan ko ba na nan."

Damina ɗaya ya yi yana sara wa sabuwar, sai Mai shi ya kira shi. A ƙasar da aka haife shi muka sa shi, kusa da ubanmu. Allah ya jiƙan Yaya Salifu, ya yafe masa kurakuransa, ya sauƙaƙa masa tambayar kabari, ya sauke shi a gidan da ba a ce wa kowa baƙo. Amin.