Dutsen Bakin Ƙofar Ragna

Duk wanda ya san Ragna Haugen, muryarta ya fara sani kafin fuskarta. A wannan fili namu na Dakota babu bishiya babu tudu da zai tare magana, saboda haka idan ta ƙwala wa ƙaninta Torkel kiran abinci, har shanun maƙwabta sai sun ɗaga kai.

Daga Norway suka zo su biyu, marayu. Ita ta haura talatin, shi kuwa gemu bai gama rufe masa haɓa ba. Gonar ubansu a can ta fi haihuwar duwatsu a kan dankali, ita ma ɗin haya ce. Ragna ta tashi tana tatsar shanun da ba nata ba, tana share ɗakunan da ba nata ba. Ranar da ta ji wai gwamnatin Amurka na ba da fili ga duk wanda zai gina ɗaki a kai, ya nome shi, ya kwana a cikinsa shekara biyar, mace ko namiji, sai ta ce ko da rarrafe sai ta je. Ba ta son komai a duniya kamar ƙasar da za ta taka ta ce tata ce.

Suka karɓi filaye biyu manne da juna, nata gabas, nasa yamma. Dabarar da 'yan'uwa ke yi a lokacin kuwa kowa ya san ta. Sai a gina ɗaki ɗaya a kan iyaka, gado ɗaya ta nan, ɗaya ta can. Rufi ɗaya, murhu ɗaya, amma kowa a gonarsa yake kwana, doka ba ta da ta cewa.

Torkel ne ya riga ta isa da shanu da garma, ita ta tsaya wankau a gari don ta samo musu murhun ƙarfe. Ya shiga zaga fili, ciyawa har ƙugu, ƙasa baƙa wuluk, sai ya yi tuntuɓe da dutse. Guda ɗaya tal a duk faɗin wurin! To, ɗan Norway da dutse a gona ai ba sai an yi shawara ba, tun yana rarrafe aka koya masa kwashe su kafin su karya bakin garma. Ya tone shi, ya jefa a keken shanu, ya kai shi can yamma bakin rafi inda ya sauka, ya mai da shi kujera. Ya dai ga wasu tsagogi a jikinsa, ya ɗauka haka Allah ya halicce shi. Bawan Allah bai san masu awon ƙasa ne suka kafa shi don ya nuna iyaka ba.

Ragna ta sani, don a ofishin filaye an gaya mata ta nemi dutse mai tsaga. Da ta iso ta tarar da Torkel zaune a kansa yana shan kofi.

“Tashi,” ta ce.

Ta duƙa, ta shafa tsagogin, ta gyaɗa kai. “Nan za mu gina. Dutsen nan shi ne tsakiyar ƙofa.”

“Yaya, ai wannan dutsen ni na...”

“Na tambaye ka? Ɗaura wa shanun nan garma.”

Torkel ya tashi ya nufi shanun. Shi yabo yake nema, ya share gona tas a rana ɗaya. Ita kuma Ragna tunda take ba ta taɓa yi wa kowa bayanin komai ba. Shi ke nan, ya ɗauka a ofis aka nuna mata inda iyakar take, dutsen kuwa don ado ta sa shi a bakin ƙofa.

Suka yanko ƙasa mai saiwar ciyawa gunduwa-gunduwa, suka jera ta kamar tubali, ɗaki ya tashi. Ragna ta jiƙa farar ƙasa ta ja layi daga dutsen har bangon baya. Wannan layi ya sha faɗa, ba kaɗan ba.

“Kai, takalminka me yake nema a gonata?”

“Haba Yaya, gurasar dankalin nan fa a gonata kika gasa ta, murhun ya fi karkata wajena.”

“To ci murhun mana, tunda naka ne.”

A haka suka ga abin da kowa ya gani a nan. Fara ta zo ta cinye alkama, ta haɗa da rigar Torkel da ke kan shanya. Dusar ƙanƙara ta rufe su har suka riƙa murɗa ciyawa suna cusa wa murhu. Wata rana saniyar maƙwabci ta hau rufin ɗakin tana cin ciyawar da ta tsiro a kai, ƙafarta ta zurmo daidai kan gadon Torkel, Ragna ta ce wannan rigimar yamma ce, ba ruwan gabas. Wani maƙeri ya zo neman aurenta, mutumin kirki, ta tambaye shi a ina za ta kwana. Ya ce a gidansa mana. Ta ce ya sha kofinsa ya kama hanya. Ko haihuwa aka kira ta karɓa, tana wanke hannu za ta juyo gida, kada a ce ta kwana a waje. Tana alfahari da wannan sosai, kuma ba ta bar kowa ya manta ba.

Ana saura kiris shekara biyar ta cika, sai ga masu awon layin dogo da sarƙarsu. Suka auna, suka sake aunawa, babbansu ya tsaya can gabas cikin alkamar Ragna yana susar ƙeya. Daga bisani ya tako har ƙofar ɗaki, ya dubi abin da take tsaye a kai.

“Baiwar Allah, wa ya kawo dutsen gwamnati nan? Ai can ne wurinsa. Ɗakin nan gaba ɗaya a filin yamma yake.”

Ragna ta juya a hankali. Torkel na riƙe da bokitin madara, bakinsa a buɗe.

“Ni na ce... a gona na tsince shi, Yaya. Garma zai karya.”

Mu da muka san ta mun zaci za a jiyo ihunta har gari. Amma ina! Ta zauna a kan dutsen ta rufe fuska da gyale, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da suka baro Norway. Shekara biyar tana gadin layin farar ƙasa, ashe baƙuwa ce a gonar ƙaninta, ko kwana ɗaya ba ta yi a tata ba. Abin da ban dariya, amma ranar babu wanda ya dara, tausayi ta ba mu.

Tsoho Eben Stroud, maƙwabcinsu mai saniyar nan, ya zo da mafita. Doka shaidu biyu take nema, su rantse mutum ya zauna a filinsa, shi ma ya rantse.

“'Yata, ni zan rantse, surukina zai rantse. Masu sarƙa gobe sun yi gaba. Wa zai sani?”

“Ni zan sani, Baba. Hannun nan zan ɗora a Littafi Mai Tsarki in ce na kwana inda ban kwana ba? Ƙasar da zan samu da ƙarya ai haya ce kawai.”

Da ƙafarta ta je ofis ta fasa ƙwai. Ma'aikacin ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce ba zai ba wa wani filin ba, amma lissafi sai daga ranar da ta fara kwana a ciki. A sake lale ke nan.

Muka yi mata gayya, ɗaki ya tashi a tsakiyar filinta, inda ko makaho ba zai yi gardama ba. Torkel ya hana a taya shi. A kafaɗa ya ɗauki dutsen ya mayar raminsa, ya danne shi da ƙasa. Ragna ta ce madalla, yanzu za ta huta da munsharin wani. Ba ta yi mako ba muka fara jin muryar nan tana ratsa fili safe da yamma.

“Torkel! Abinci zai huce, sarkin masu kwashe duwatsu!”

Shi kuma sai ya taho, in ya zo daidai dutsen ya cire hula ya ce, “A ba ni izinin shiga ƙasar gabas?”

Ta sake cika biyar ɗin cur. Ranar da ta rantse, muryarta har titi ake ji. Ta dawo ta cire takalmi, ta taka filin daga wannan kusurwa zuwa waccan, furfura ta riga ta fito mata. Daga nan ta shuka bishiyoyi, ta tara shanu, ta ga Torkel ya yi aure, ta raini 'ya'yansa da faɗa da gurasar dankali. Aure dai ba ta yi ba, kuma ba ta taɓa cewa ta yi da-na-sani ba.

Ta tsufa tukuf kafin ta rasu, da bazara, alkama ta fara kai. Fasto ya ce a kai ta maƙabartar coci. Torkel, wanda bai taɓa musu da kowa ba a rayuwarsa in ba Ragna ba, ya ce a'a, a gonarta za ta kwana. Ya dogara sandarsa ya kai masu haƙa wajen dutsen, ya ja layi da farar ƙasa, ya nuna musu gabas. Sai da ya sa aka auna, aka sake aunawa.

Da aka gama rufe ta, ya daɗe tsaye, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya buga sanda a yamma da layin, dab da ita.

“Nan nawa ne,” ya ce wa 'ya'yansa. “Amma don Allah ku auna da kyau. In ƙafata ta shiga gonarta, ba zan ji ƙarshen maganar ba har tashin matattu.”